Suna Ɗaya, Kaya Daban: Lalle, Siminti da Tarihin Kircin Taɓi a Ƙasar Arewa

1.0 Gabatarwa

Masanan da suka yi rubutu a kan ƙasar Arewa, tun daga littafin Marc-Henri Piault mai suna Histoire Mawri na 1970, sun fi mayar da hankali ga sarauta da addini: dangantakar Gubawa masu ƙasa da Arawa masu mulki, matsayin Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji, sarautar Matankari, da karon da aka yi da rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Wannan takarda za ta bi wata ƴar siririyar hanya ce ta daban. Za ta dubi kayan da ke taɓa fatar mutum yau da kullum, da yadda waɗannan kaya suka sake a cikin ƙarni na 20, da kuma cutar da ta biyo sawun wannan saki. Da Arewa muna nufin yankin Dallol Mawri, wato gundumomin Dogondutsi da Tibiri a jihar Dosso. Ita wannan Tibiri a 2011 aka ɗaga ta zuwa gunduma daga cikin Dogondutsi, kuma ba ita ce Tibirin Gobir ta kusa da Maraɗi ba.

Cutar da muke magana ita ce wadda likitoci masu Faransanci ke kira eczéma de contact allergique. A nan za mu kira ta kircin taɓi. Abin da muke son nunawa shi ne, wannan cuta tana da tarihi, kuma tarihinta na kasuwa ne. Sunan kaya yakan zauna yadda yake alhali abin da ke cikinsu ya sake: ana cewa lalle, ana cewa gini, ana cewa ƴan kunne, kamar yadda kakanni suka ce, amma abin da ke hawa fata ba shi ne na kakanni ba.

2.0 Cutar da ke jinkiri

Hausa ba ta rasa sunayen cututtukan fata ba. Akwai ƙazwa da makero da kyasbi da kirci da borin jini, ga kuma ƙuraje da ƙaiƙayi waɗanda suka game kome. Sai dai waɗannan sunaye kamannin ciwo suke bayyanawa, ba musabbabinsa ba. Har ila yau, mai bincike ya yi hattara da kalmar "ezima" a bakin wanda ya zauna Nijeriya, domin a can kyasbi ake nufi da ita, shi kuwa kyasbi naman gwari ne ke kawo shi, ba ruwansa da batunmu.

Abin da ya taɓa fata yana iya yi mata lahani ta hanya biyu. Ta farko ita ce ci kai tsaye, kamar yadda soda ko sabulu mai ƙarfi ko ɗanyen siminti ke cin hannun kowa in ya daɗe a ciki. Wannan shi ya fi yawa, kuma ba ya zaɓe. Ta biyu ita ce ta alerji, wadda ke kama wani ta bar wani. A nan wani ƙaramin sinadari ne ke ratsa fata ya manne da furotin na jiki, sai wasu ƙwayoyin halitta na fata su kai labarinsa ga kaluluwa, inda garkuwar jiki ke rubuta shi cikin abokan gaba. Wannan koyo yakan ɗauki kwana 10 zuwa 14. Daga nan duk ranar da sinadarin ya sake taɓa fata, ko da ɗan kaɗan ne, sai ƙaiƙayi da kumburi da ƙananan bororo su fito, amma ba nan take ba, sai bayan awa 24 zuwa 72. Jikin da ya riga ya koya kuwa, galibi ba ya mantuwa har ƙarshen rai.

Wannan jinkiri shi ne mabuɗin dukan al'amarin. Wanda wuta ta ƙona ya san abin da ya ƙona shi. Wadda hannunta ya kumbura kwana uku bayan ƙunshi, alhali ƙawayenta biyar an yi musu da kwano ɗaya ba abin da ya same su, alhali ita kanta an sha yi mata a baya lafiya lau, tana da hujja mai ƙarfi ta wanke ƙunshin ta nemi dalili a wani wuri: abinci, ko jini, ko baki, ko iska. Bai kamata mu ɗauki wannan a kan jahilci ba. Likitancin Turai ma ya daɗe cikin wannan duhu. Sai a 1895 Josef Jadassohn ya gabatar da gwajin liƙe a taron likitocin fata na Graz. Kalmar alerji ita kanta Clemens von Pirquet ya ƙirƙira ta a 1906, kuma sai a 1942 Karl Landsteiner da Merrill Chase suka nuna cewa ƙwayoyin halitta ne ke ɗauke da wannan irin ƙiyayya ta jiki, ba ruwan jini ba.

3.0 Daga ganyen lalle zuwa dayis

Lalle tsohon abu ne a ƙasar Hausa. J. M. Dalziel ya kawo shi cikin ƙamus ɗinsa na sunayen itatuwa na 1916, tare da katambiri, wanda mata ke zana baƙin layi da ruwan ƴaƴansa. Baba ta Karo, a labarin rayuwarta da Mary Smith ta buga a 1954, ta bayyana matsayin sa lalle a cikin bikin aure. Yadda ake yin ƙunshin dā sananne ne: a daka busasshen ganye, a kwaɓa, a shafa, a ɗaure ƙafa da ganye da tsumma ko a zura hannu cikin zunguru, a jira sa'o'i, a maimaita. Mai son ya yi duhu takan bi shi da toka da gishirin lalle. Launin ganyen daga wani sinadari yake da ake kira loson, wanda ke kama saman fata da farce, kuma da wuya ƙwarai ya jawo alerji. Haɗarinsa sananne guda ne, ga jarirai masu ƙarancin sinadarin jini na G6PD, waɗanda yake iya fasa wa jajayen ƙwayoyin jini in aka shafe musu jiki da shi.

A lura da abin da wannan ƙunshi ke bukata: lokaci. Amarya na zaman lalle kwanaki, ba ta aiki, ana yi mata hidima. Jinkirin rinin da tsawon bikin tafiya ɗaya suke yi.

Baƙin lalle, wanda masu zane ke kira dayis, wani abu ne daban. Babu wata bishiyar lalle mai ba da baƙi. Abin da ke ba da baƙin shi ne sinadarin parafenilendiyamin, PPD a taƙaice, ɗaya daga cikin ƴaƴan masana'antar rini ta Turai da ta taso daga kwaltar gawayi. August Wilhelm von Hofmann ya bayyana shi a 1863, a shekarun 1880 aka fara rina gashin mutum da gashin dabbobi da shi, kuma tun 1898 likita Cathelineau ya ba da rahoton mutum 18 a Paris da rinin gashi mai wannan sinadari ya yi wa lahani. Ke nan an san sharrinsa kusan tun ranar da aka san amfaninsa. A kan gashi an yi ta jayayya har aka daidaita a kan ƙayyade shi: dokar Tarayyar Turai ta yau ta yarda da shi cikin rinin gashi kawai, kuma kada ya wuce kashi 2 cikin 100 bayan an haɗa. Zana shi a kan fata ba a yarda da shi ba, a Turai ko a Amurka. Amma wani bincike da aka buga a 2010 a kan baƙin lallen gidajen kwalliya na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya sami samfurin da PPD ɗinsa ya kusa kashi 30 cikin 100.

Sudan na cikin wuraren da aka fara rubuta labarin haɗa PPD da lalle. A 1992 likitocin Khartum suka buga rahoton yara 31 da aka kwantar tsakanin 1984 da 1989 saboda gubar wannan haɗi, 13 daga cikinsu suka rasu. Wannan guba ce, ba alerji ba: wuya da harshe su kumbura har numfashi ya toshe, ƙoda ta tsaya, musamman in an sha. Mun kawo shi ne don ya nuna cewa garin ya riga ya shiga gidaje a wancan lokaci, yana ajiye inda yaro ke iya kai hannu. Sudan kuwa ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Ita ce hanyar hajjin ƙasa, a can jama'ar Mai Wurno suka zauna bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma ta gabas ɗin nan dilka da halawa da humra suka shigo gyaran jikin amare. Zanen fulawa da baƙin rini cikin wannan ayari na kwalliya suke.

Ita ƙasar Arewa ba ta bukatar doguwar hanya don ta sami kayan zamani. Babbar hanya mai lamba 1 daga Yamai zuwa Ƙonni da Maraɗi ta ratsa Dogondutsi, jihar Kabi ta Nijeriya tana gabas da ita, dangi da kasuwanni suna tsallaka iyaka. Adeline Masquelier, a littafinta na 2009 a kan mata da farfaɗowar Musulunci a Dogondutsi, ta nuna yadda sutura da kayan ɗaki da kashe kuɗin aure suka zama abin jayayya tsakanin mata da masu wa'azi a shekarun 1990. A ganinmu akwai wani gefe na wannan tarihi da ya cancanci a ƙara masa: jayayyar a kan tsada da ɗabi'a take, abin da ke cikin kwanon mai zane bai shiga cikinta ba.

Me ya sa dayis ya karɓu? Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yana kamawa cikin ƙasa da awa ɗaya, yana ba da siririn layi, yana fita sosai a kan baƙar fata da kuma a hoto. Ya mayar da ƙunshi sana'a, inda mace ɗaya za ta zana wa mata da yawa a jajibirin salla. Ita mai zanen, wadda yatsunta ke cikin rinin kullum, tana cikin waɗanda suka fi kowa shiga haɗari.

Abin da ke biyo baya yana da kamanni da ba a rikita su. Ƙurajen sukan bi zanen sak, fure ya kumbura a matsayin fure, layi a matsayin layi. A baƙar fata jan da littattafan Turai ke kwatantawa ba ya fita sosai, sai dai kumburi da ruwa da ƙaiƙayi. In ya warke yakan bar tabo mai duhu ko mai haske na watanni. Amma tabon ba shi ne babbar hasara ba. Wadda ta kamu a wurin ƙunshin aurenta tana da shekara 17 tana iya rina furfurarta tana da 45 ta wayi gari fuska da fatar ido sun kumbura har ba ta gani. Bugu da ƙari, PPD yana da dangi, abin da R. L. Mayer ya nuna tun ƙarshen shekarun 1920. Jikin da ya ƙi shi yana iya ƙin wasu rinin tufafi masu duhu, da wasu sinadaran baƙar roba, da maganin kashe zafi benzokayin, da wasu magungunan sulfa. Zane na mako biyu ke nan ya bar doka ta shekaru.

4.0 Ƙazwar siminti

Abin da dayis ya zama ga mata, siminti ya zama ga maza. Ginin Arewa na dā na laka ne da kara da itace. Laka tana busar da hannu, tana tsaga shi, amma iyakarta ke nan. Siminti ya shigo da Turawa, sannan a shekarun 1960 aka kafa masana'antu biyu kusa da yankin, ta Malbaza a Nijar da ta Kalambaina a Sakkwato. Ga kuma dubban samari da ke fita ci-rani zuwa biranen Nijeriya da na bakin teku, inda leburancin gini ke cikin ayyukan da baƙo ke fara samu.

A nan akwai wani abin lura ga mai nazarin harshe. Da aka ga wannan ciwo a hannun ma'aikatan da ke gina hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Paris a farkon ƙarni na 20, Faransawa gale du ciment suka kira shi, wato ƙazwar siminti. Kuskuren da Ba'are zai yi, shi Bafaranshe ya yi: ya ga ƙaiƙayi tsakanin yatsu ya ba shi sunan ciwon da ya sani. Sai a 1950 Jaeger da Pelloni a Suwizalan suka tabbatar cewa mai laifin shi ne ɗan kromiyom mai narkewa da ke cikin siminti. Ruwan simintin yana cin fata ya buɗe ƙofa, kromiyom ya shiga, jiki ya koya. Irin wannan kirci yana da naci ƙwarai, yakan ci gaba ko bayan magini ya bar sana'ar, domin kromiyom ɗin yana jiransa a wani wuri, alal misali a cikin takalmi. Jimar gargajiya da bagaruwa ake yin ta, amma yawancin fatar masana'anta da kromiyom ake jeme ta.

Darasin siminti ga batun rigakafi shi ne mafi bayyana. A 1979 Sigfrid Fregert da abokan aikinsa a Suwidin suka nuna cewa in aka zuba ɗan gishirin ƙarfe, salfet na ƙarfe, cikin siminti, yana mayar da kromiyom ɗin zuwa nau'in da ba ya ratsa fata da sauƙi. Danmak ta fara yin haka a 1981, ta mayar da shi doka a 1983, sabbin kamu suka ragu ƙwarai tsakanin magina. Tarayyar Turai ta bi sawu daga 2005, da iyakar kashi 2 cikin miliyan. Ba a sake halin magini ba, buhun aka sake. Sai dai ƙarfin wannan gishiri yana raguwa in buhu ya daɗe a ajiye, shi ya sa dokar ta tilasta rubuta ranar ɗuri da wa'adin ajiya a jikinsa.

Ƙarfen ado za mu wuce shi da sauri, ba don ƙanƙantarsa ba. Munduwa da zobe na maƙeran farfaru da azurfa da tagulla da gaci ake yin su. Nikel ya zo da kuɗin Turawa, irin su anini da kwabo masu huda da kuma dala ashirin ta sefa, sannan da ƴan kunne da sarƙa da agogo da maɓallin wando masu araha. Da Yetunde Olumide ta yi gwajin liƙe ga majinyata a Legas ta buga sakamakon a 1985, nikel ne ya zo kan gaba. Hujin kunne ita ce babbar ƙofarsa, mu kuwa tun jariri muke huda wa ƴa mace kunne, kuma abin da ake fara sa mata a ɗanyen rauni shi ne abin dubawa.

5.0 Idon likita

Likitancin mulkin mallaka ya dubi fatar talaka sosai, amma abin da yake nema a kanta ƙayyadadde ne. Cibiyar kuturta ta Bamako, wadda daga baya aka sa wa sunan Marchoux, an buɗe ta a 1935. Hukumar kiwon lafiya ta tafi-da-gidanka mai hedkwata a Bobo-Dioulasso ta fara aiki a 1945, sannan OCCGE ta gaje ta a 1960. Ayarinsu ciwon barci da kuturta da tunjere da agana da sanƙarau suke farauta, wato cututtukan da ke yaɗuwa ko ke kisa. Ciwon da ba ya yaɗuwa, ba ya kisa, sai dai ya hana magini riƙe cebur ko ya hana mace wanki da daka, ba shi da gurbi a wannan tsari. Wannan gado yana nan har a suna: cibiyar cututtukan fata ta ƙasa da ke Yamai da kuturta aka haɗa sunanta. Yana nan kuma a zukata, domin farin tabo a hannun amarya yana iya tayar da zancen da ya fi ciwon kansa zafi.

Gwajin liƙe bai sake sosai ba tun zamanin Jadassohn. Ana ɗiga kowane sinadari da aka tsarma a ɗan faifai, misali PPD kashi 1 cikin 100 ko nikel kashi 5 cikin 100 a cikin basilin, a liƙa a gadon baya, a cire bayan awa 48, a sake dubawa a rana ta 3 ko ta 4. Ba ya bukatar lantarki. Abin da yake bukata shi ne sinadaran da aka auna daidai, da likitan da ya saba karanta sakamako a baƙar fata, da zuwa sau uku cikin mako ɗaya, da bayan da ba zai jiƙe da gumi ba. Ga mutumin Sukukutan ko Gesheme, da nisan hanya da zafin bazara, kowane ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa nauyi ne. Kuma ba abin da za a kwaikwaya a gida ba ne, domin liƙa ɗanyen dayis ko siminti a fata yana iya ƙona ta ko ya koya wa jiki ƙiyayyar da ba shi da ita.

Akwai abin da ya fi wannan kusa. A Mali, Antoine Mahé da abokan aikinsa sun buga wani tsari a 2005 da ke koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci rarrabe cututtukan fata da aka fi gani, kircin taɓi na cikinsu. Ginshiƙinsa duba da tambaya ne. Wurin da ciwo ya fito yakan faɗi sunan mai laifi: leɓatun kunne, ƙarƙashin cibiya inda maɓalli ke gugawa, bayan ƙafa daidai igiyar silifa, wuyan hannu, gefen goshi bayan rini. Tambayar da ta dace ba "me ka taɓa yau" ba ce, sai "me ka taɓa shekaranjiya, kuma ciwon yana sauƙi in ka bar aiki?" Sannan a tambayi abin da aka riga aka shafa, domin man ciwo na tebur mai niyomaisin shi ma yana cikin sanannun masu jawo wannan alerji, mai kortizon mai ƙarfi kuwa yakan kwantar da ciwon ya ɓoye dalilinsa, da an daina ya dawo.

A batun ƙunshi, mai zane ce ke riƙe da matsayin da masana'antar siminti ta riƙe a Danmak, domin daga hannunta kayan ke fita zuwa jikin mata da yawa. Alamomin da za ta bi, ita da mai zuwa wurinta, ba su da wuya. Kwaɓin lalle na gaskiya kore ne mai duhu ko ruwan ƙasa, yana ƙamshin ganye, yana son sa'o'i, in an wanke ya bar ruwan goro wanda ke ƙara duhu cikin kwana biyu. Wanda ya fito baƙi ƙirin daga kwano ya kama cikin minti 30 zuwa awa ɗaya, a ɗauka akwai PPD a cikinsa, ko da an rubuta lalle a jikin kwalinsa. Wadda zane ya taɓa kumbura mata sau ɗaya kuwa, ta bar dayis da baƙin rinin gashi gaba ɗaya, kuma ta faɗa wa likita ko mai farmasi kafin a ba ta maganin shafawa.